Dilar Auduga Da Haƙƙin Fursuna A Amurka

Ranar 9 ga Nuwamba, 1973, wata dilar auduga ta faɗo wa wani fursuna mai suna Gamble yana cikin sauke kaya daga mota a wani kurkukun Jihar Texas. Ciwon baya ya hana shi aiki, aka jefa shi ɗakin horo. Da hannunsa ya rubuta ƙara.

Cikin 1976 Kotun Ƙoli ta ce wanda hukuma ta kulle ba shi da ikon kai kansa asibiti. Saboda haka in ta san yana da ciwo mai tsanani, ta yi biris da gangan, to, azaba ce wadda tsarin mulki ya hana. Shi Gamble kuwa bai ci nasara a kan likitocinsa ba, gama an duba shi sau 17 cikin wata uku.

Gardamar da ta biyo baya ita ce, wane ciwo ne mai tsanani? Akwai fursunonin da likitoci suka shaida suna cikin ƙunci domin jinsin da aka haife su da shi ya saɓa wa yadda suke jin kansu, har wasu kan illata jikinsu. A 2017 California ta biya kuɗin tiyatar sauya jinsi ga Shiloh Quine, mai ɗaurin rai da rai saboda kisan kai, 'yar mamacin tana ta ƙorafi. A 2019 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tilasta wa Idaho yi wa Adree Edmo tiyatar, wata kuma ta ce Texas ba tilas. Dukansu biyu an kai su Kotun Ƙoli, ta ƙi saurara.