Me Ya Sa Iza Wuta Ba Ya Ƙara wa Tafasasshen Ruwa Zafi?

Duk wadda ta taɓa ɗora wake a murhu tana sauri ta san wannan jarabar. Ruwa ya tafasa, wake bai nuna ba, sai hannu ya kai ga itace a ƙara iza wuta. Tukunya ta yi ta ɓararraka, murfi na rawa, tururi na tashi, amma wake sai lokacinsa ya yi. Da za a tsoma ma'aunin zafi a tukunyar tun farko, da an ga yana hawa, digiri 40, 60, 90, har ya kai wajen 100, sannan ya tsaya cak. A ƙara itace, a kawo mafici, ba zai gusa ba muddin da sauran ruwa a ciki. To ina zafin wutar yake tafiya?

Rabin ruɗanin daga bakinmu yake, domin abu biyu muke kira da kalma ɗaya, wato zafi. Akwai matakin zafi, wanda ma'auni ke nunawa da digiri. Akwai kuma makamashin zafi, wato jimillar ƙarfin da ke ƙunshe cikin abu. Tartsatsin da ke fallatsa daga wurin mai walda ya haura digiri 1,000, amma ya sauka a hannu ya mutu, da ƙyar ya bar tabo. Ruwan da ke cikin butar mai shayi bai wuce digiri 100 ba, amma in ya kife wa mutum a ƙafa sai asibiti. Tartsatsi ya fi mataki, buta ta fi makamashi nesa ba kusa ba.

Kowane abu, ruwa ne ko ƙarfe ko man shanu, tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Ɗigon ruwa ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyin da suka ninka yawan mutanen duniya sau biliyoyi, kuma babu wadda ke zaune shiru. A cikin ƙanƙara kowace tana riƙe da maƙwabtanta a wuri ɗaya, sai dai ta yi ta karkarwa a inda take. A cikin ruwa suna nan kafaɗa da kafaɗa, amma suna kutsawa suna wuce juna kamar jama'a a lungun kasuwar Kurmi. A cikin tururi kuwa kasuwa ta watse, kowace ta kama gabanta a guje. Abin da ma'aunin zafi ke aunawa shi ne matsakaicin ƙarfin wannan motsi. In motsin ya ƙaru ya hau, in ya ragu ya sauka.

Sai dai ba motsi kaɗai ne ke cin makamashi ba. Ƙwayoyin ruwa suna jan juna, kuma raba su aiki ne. Kafin tafasa, abin da wuta ke bayarwa yana tafiya ne wajen ƙara musu sauri. Da an kai matakin tafasa, sai ya koma wajen ɓamɓare su daga 'yan uwansu su zama tururi. Waɗanda suka rage a tukunya saurinsu bai canza ba, don haka ma'auni ba shi da sabon labari. Babbar wuta tana ƙara yawan masu ficewa ne kawai, ruwa ya ƙone da wuri. A nan zafin nema ba ya kawo samu, sai asarar itace.

Masanin da ya fara auna wannan shi ne Joseph Black, malami a Jami'ar Glasgow ta ƙasar Sikotland, wajen shekarar 1761. Ƙanƙara ce ta ja hankalinsa. Ya yi tunanin cewa da ɗan ƙarin ɗumi ya isa ya narkar da ita, da dusar ƙanƙarar da ta taru a lokacin sanyi ta narke rana guda ambaliya ta share gari. Amma a hankali take narkewa, tana shan zafi ba tare da matakinta ya tashi daga sifiri ba. Ya kira wannan da sunan ɓoyayyen zafi.

Alƙaluman sun cancanci a tsaya a kansu. Ana auna makamashi da jul. Giram ɗaya na ruwa yana buƙatar kusan jul 4.2 kafin ya hau digiri ɗaya, ke nan wajen jul 420 daga sifiri zuwa 100. Narkar da giram ɗaya na ƙanƙara yana cin jul 334, abin da zai ɗaga ruwan sanyi daga sifiri zuwa digiri 80. Shi ya sa ƙullin ƙanƙara guda ke sanyaya jug ɗin zoɓo a watan azumi, abin da kofin ruwan sanyi ba zai yi ba ko da matakinsu ɗaya. Mayar da giram ɗin nan tururi kuwa yana cin kusan jul 2,260, fiye da ninki biyar na abin da aka kashe wajen tafasa shi.

Wannan makamashi bai ɓace ba, yana tafe ne tare da tururin, kuma duk inda tururi ya koma ruwa sai ya sauke kayansa. Da shi dambu ke nuna a madambaci ba tare da ya taɓa ruwa ba. Shi ne kuma dalilin da ƙunar tururi kan fi ta ruwan zafi muni, abin da mai buɗe murfi da garaje ba ya buƙatar a gaya masa sau biyu.

Ba dole sai ruwa ya tafasa ƙwayoyi ke ficewa ba. Ko a ruwan sanyi saurinsu ba ɗaya ba ne, kuma waɗanda suka fi gudu kan kuɓuce daga sama su bi iska. In zaƙaƙuran sun tafi, matsakaicin saurin na baya ya ragu, ruwa ya yi sanyi. Aikin gumi ke nan a jiki, kuma sirrin randa ke nan: ruwa na tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, yana bushewa a waje, yana kwashe zafin na ciki. A kan wannan ne malami Mohammed Bah Abba ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana kayan miya, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Dabarar ta fi ci a busasshiyar iska. Da damina, iska ta riga ta ƙoshi da laima, randa ma sanyinta raguwa yake.

Shi kansa digiri 100 ɗin ba dutse ba ne. Ya dogara da nauyin iskar da ke danne saman ruwa. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, iskar ta fi sauƙi, ruwa kan tafasa wajen digiri 96. Tukunyar matsi tana yin akasin haka: ta kulle tururi a ciki ya danne ruwan, ƙwayoyi su kasa ficewa sai sun kai wajen digiri 120. A nan ne wake ke nuna da wuri don zafi ya ƙaru da gaske. Kanwar da iyayenmu mata ke jefawa ita ma tana rage jira, amma ba ta hanyar zafi ba, jikin waken take sassautawa.