Rugugin Jirgi da Kunnen Kifin Wel: Daɗewar Ƙara Ita Ce Matsalar

Duk wanda ya taɓa zuwa fito da kaya a tashar Tema, Kwatano ko Duwala ya ga girman jiragen da ke kawo mana kwantena. Abin da ba ma ji daga gaɓa shi ne rugugin farfelarsu a ƙarƙashin ruwa, dare da rana. A wannan tekun ne kuwa manyan kifayen wel masu doro ke zuwa haihuwa daga kudu, wajen watan Yuli zuwa Oktoba.

Kifi dai muke ce masa, amma dabba ce mai shaƙar iska, mai shayar da ɗanta. Can ƙasa duhu ne, don haka kunne ne idonta. Sauti kuma yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, ya ninka gudunsa a iska fiye da sau huɗu.

Masu bincike na sojan ruwan Amurka a San Diyego sun gwada jin dolfin da farin wel da ake kira beluga. Sun ga cewa bayan ƙara mai ƙarfi jin dabbar kan ragu na ɗan lokaci, kuma ba ƙarfin ƙarar kaɗai ke jawo hakan ba, har da tsawon lokacin da ta ɗauka. A lissafin masana, ninka lokacin daidai yake da ƙara desibel 3, ma'aunin ƙarfin sauti. In ƙarar tana yi tana tsayawa, kunne kan ɗan farfaɗo a tsakani. Wanda ya wuni kusa da injin niƙa ko janareta ya koma gida kunne na shuu ya san wannan, ba sai an faɗa masa ba.

A Hawai, Paul Nachtigall ya gano wani abin mamaki: in aka yi wa wani nau'in wel gargaɗi da ƙaramin sauti, yakan rage jinsa da kansa kafin babbar ƙarar ta iso. Dabara ce mai kyau ga ƙarar da za ta wuce. To amma uwa mai sauraron ɗanta, har yaushe za ta zauna da kunne a toshe?

Rage gudu na rage rugugin farfela. Tun 2017 tashar Bankuba a Kanada ke roƙon manyan jirage su sassauta gudu a lokacin da kifayen wel ke yankin.