Abin da ya kamata ku sani game da gasar bazara ta NBA da yadda ake auna matasan 'yan wasa

Ranar 7 ga Yulin 2023, zauren wasanni na Thomas & Mack da ke birnin Las Vegas ya cika maƙil domin kallon wani matashi ɗan Faransa mai shekara 19, Victor Wembanyama, wanda ƙungiyar San Antonio Spurs ta ɗauka a matsayi na ɗaya a zaɓen sabbin 'yan wasa na shekarar. Ya jefa ƙwallo sau 13, biyu kacal suka shiga, ya tashi da maki 9. Kafin gari ya waye har an fara cewa an zuzuta yaron fiye da kima. Bayan kwana biyu ya ci maki 27 a wasa da Portland, aka koma yabonsa. Da kakar wasanni ta ƙare, shi aka ba kyautar gwarzon sabbin 'yan wasa ba tare da ko ƙuri'a ɗaya ta kauce masa ba.

Wanda ya yanke hukunci a daren farko ya yi gaggawa, haka ma wanda ya yanke a na biyu. Gasar bazara tana nuna abubuwa da yawa game da matashin ɗan wasan ƙwallon kwando, amma sai ga wanda ya san inda zai sa ido.

Mece ce gasar bazara?

A ƙarshen watan Yuni kowace shekara ƙungiyoyi 30 na NBA suke zaɓar sabbin 'yan wasa daga jami'o'in Amurka da sauran ƙasashe. Ba a fara kakar wasanni sai Oktoba, don haka a watan Yuli ake tara sabbin a gwada su. Babban taron a Las Vegas ake yinsa, a harabar Jami'ar Nevada, tsawon kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka. Wani wakilin masu horarwa, Warren LeGarie, shi da Albert Hall ne suka kafa gasar a 2004 da ƙungiyoyi shida, kuma tun 2018 duka 30 ɗin ke halarta. Akwai ƙananan gasanni da ake yi kafin ta a Salt Lake City da jihar California.

Kowace ƙungiya tana buga aƙalla wasa biyar. Wasan minti 40 ne, ba 48 ba kamar na NBA, kuma a wasannin farko sai ɗan wasa ya yi ƙeta sau goma ake fitar da shi, maimakon shida. An yi haka ne domin a daɗe ana kallon yaro a fili ko da yana tafka kurakurai. Greg Oden, wanda aka ɗauka na ɗaya a 2007, ya cike ƙeta goman nan a wasansa na farko.

Las Vegas tana bayan Kano da Yamai da awa takwas a wannan lokaci, saboda haka wasan ƙarfe shida na yamma a can, ƙarfe biyun dare ne a nan. Mafi yawanmu da safe muke ganin guntun bidiyo da jerin alƙaluma a waya, kuma su ne suka fi yaudarar mai kallo.

Su wa ke cikin fili?

Rukuni uku na 'yan wasa ne ke sanye da riga iri ɗaya, amma buƙatarsu ta bambanta. Akwai sabon da aka ɗauka a zagayen farko na zaɓe, wanda kwantiraginsa yana hannu, ya zo ne ya saba da tsarin ƙungiya. Akwai wanda ya riga ya yi shekara ɗaya ko biyu a NBA, an dawo da shi ya nuna abin da ya ƙaru da shi. Sai kuma mafi yawa, waɗanda ba a zaɓa ba, da 'yan ƙaramar gasar G League, da masu wasa a Turai da Asiya, duk suna neman abin yi. Kowace ƙungiya gurbi 15 take da shi, da wasu uku na masu kai-komo tsakanin NBA da G League. A kan kujerun kallo kuma akwai masu farautar 'yan wasa daga ƙungiyoyin ƙasashen waje.

An haɗa waɗannan mutane cikin 'yan kwanaki, sun yi atisaye kaɗan, yawanci mataimakin koci ne ke jagorantarsu, kuma kowa yana son a gan shi. Wasan da zai fito daga irin wannan haɗi dole ya zama mai yawan gudu da ɓarar da ƙwallo da son kai. Duk wani auna ɗan wasa daga nan ya kamata ya fara.

Me ya sa yawan maki ba ya isa hujja?

A 2012 mutum biyu suka raba kyautar gwarzon gasar: Damian Lillard na Portland da Josh Selby na Memphis. Dukansu sun yi ruwan maki a Las Vegas. Lillard ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan zamaninsa, har ya taɓa cin maki 71 a wasa guda a 2023. Selby kuwa wasa goma kawai ya ƙara bugawa a NBA bayan kyautar, ya koma neman abinci a wasu ƙasashe. Anthony Morrow ya ci maki 47 a wasa ɗaya a gasar 2009. Ya yi shekaru a NBA a matsayin gwanin jifa daga nesa, amma bai zama tauraro ba.

Ga kuma ɗaya ɓangaren. Trae Young ya jefa 20 a wasansa na farko a 2018, huɗu suka shiga, wasu ma ko ƙarfen kwando ba su taɓa ba. Bayan shekara uku shi ya ja Atlanta Hawks zuwa wasan ƙarshe na shiyyar gabas. Stephen Curry, wanda ya fi kowa zura jifan maki uku a tarihin NBA, bai wuce zura ɗaya cikin uku na jifansa ba a gasar bazara ta 2009.

Dalili na farko shi ne ƙarancin wasannin. A ce yaro ya yi jifan maki uku sau 25 a wasa biyar. Idan goma suka shiga, kashi 40 cikin ɗari ke nan, sai a ce gwani ne. Idan bakwai suka shiga, kashi 28 ne, sai a ce bai iya ba. Ƙwallo uku ne kawai tsakanin yabo da suka, alhali kakar NBA wasa 82 ce.

Dalili na biyu shi ne aikin da ake ba shi. A Las Vegas ƙwallo tana hannunsa, yana jifa sau ashirin. A watan Nuwamba zai shigo daga benci na minti goma, kusa da tauraron da ke riƙe ƙwallo, ya yi jifa huɗu idan ya yi sa'a. Abin da ƙungiya ke son sani shi ne ko zai amfane ta a cikin minti goman nan.

Na uku, yanayin wasan yana fifita masu riƙe ƙwallo. Dogon ɗan wasan da ke tsayawa ƙarƙashin kwando sai an miƙa masa yake ci, kuma masu neman aiki ba su cika miƙawa ba. Sau da yawa za ku ga dogo ya ƙare wasa da maki shida ba don gazawarsa ba.

To me masana ke kallo?

Manomi a watan Yuli ba ya ƙirga buhu. Tsiro yake dubawa, ya ga kaurin kara da launin ganye. Haka mai auna 'yan wasa yake yi.

Abu na farko jiki ne. Tsawo da tsawon hannu da saurin ƙafa ba sa ɓuya, kuma wannan ne karon farko da yaron jami'a ke karo da ƙarti masu shekara 25 ko 27 da suka daɗe suna cin abinci da wasan. Idan an bangaje shi a hanyar kwando, yana iya ƙarasa jifan? Mai gadinsa yana iya tsayawa gabansa, ko kullum sai ya wuce shi? Wanda ya kasa wuce masu gadi a nan zai sha wuya a gaban na NBA.

Na biyu saurin yanke shawara. A jami'a ana ba ƙungiya daƙiƙa 30 ta yi jifa, a NBA 24 ne. Ana duba abin da yaro ke yi a daidai lokacin da ƙwallo ta iso hannunsa, ko jifa ko miƙawa ko kutsawa, ba tare da tsayawa tunani ba. Idan abokinsa ya tsaya ya yi masa shinge, mutum biyu suka taso masa, yana ganin wanda aka bari shi kaɗai? Miƙawa mai kyau tana nan a matsayinta ko da wanda aka miƙa wa ya zubar. Takardar alƙaluma ba ta rubuta wannan, amma koci yana gani.

Na uku tsaro, kuma nan ne aka fi gane mai hankali. Ku bar ƙwallo, ku bi yaron da ido. Yana sane da inda mutuminsa yake da inda ƙwallo take a lokaci guda? Yana magana da abokansa? Idan an wuce wani yana zuwa taimako a kan kari? Yana komawa gida da gudu bayan ya zubar da jifa? A daren da Wembanyama ya zubar da jifa 11, ya tare ƙwallo biyar a sama, ya kuma cafke takwas da suka dawo daga kwando. Wannan ne ya biyo shi cikin kaka, inda ya fi kowa tare ƙwallo a NBA tun a shekararsa ta farko.

Na huɗu yanayin jifa, ba shigarsa ba. Layin maki uku na NBA yana da nisan mita 7.24 daga kwando ta tsakiya, na jami'a da na wasannin ƙasa da ƙasa kuwa mita 6.75. Kusan rabin mita ɗin nan yana tona asirin wanda ƙarfinsa bai kai ba, sai ku ga yana tura ƙwallo da kafaɗa. Ana duba ko hannunsa iri ɗaya yake fita kowane lokaci, da saurin sakin ƙwallon, da ko yana jifa ba tare da fargaba ba. Masana sun fi yarda da tarihinsa na jifan kyauta, wanda ake yi babu mai gadi, fiye da abin da ya zura daga nesa cikin mako guda.

Na biyar shekaru. Ɗan shekara 19 da ɗan 23 idan suka yi wasa iri ɗaya, ba matsayinsu ɗaya ba, domin na farkon yana da sauran girma a gaba. Shi ya sa ma'aunin ɗan shekara ta biyu ya fi tsanani. Ana sa ran ya fi ƙarfin wurin, har ƙungiya ta janye shi bayan wasa biyu don gudun rauni. Idan wanda ya yi shekara a NBA ya dawo yana fama kamar sabo, wannan ya fi zama abin damuwa fiye da mummunan daren sabon shiga.

Sai hali. Yadda yake karɓar gyara, yadda yake zama a benci, yadda yake fitowa washegarin ranar da ya ji kunya. Ƙungiya tana ganin wannan a wurin atisaye da masauki, mu kuma kaɗan muke hangowa.

Wa gasar ta fi yi wa amfani?

Hankalin jama'a yana kan manyan zaɓaɓɓu, amma gasar ba ta cika sauya makomarsu ba. Waɗanda take sauya wa rayuwa su ne waɗanda ba a kira sunansu a daren zaɓe ba. Jeremy Lin, ɗalibin Harvard da babu ƙungiyar da ta zaɓa a 2010, ya sa rigar Dallas ya yi ido-da-ido da John Wall, zaɓi na ɗaya a shekarar, daga nan Golden State ta ba shi kwantiragi. Alex Caruso ya samu gurbi a Los Angeles Lakers bayan gasar 2017, kuma yana cikin waɗanda suka ci kofi a 2020 saboda tsaro da ƙwazo.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Toronto Raptors a ƙarƙashin Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya kuma ya fara aiki a NBA a matsayin mai farautar 'yan wasa. A 2016 ƙungiyarsa ta ɗauki Pascal Siakam ɗan Kamaru a matsayi na 27, ta kuma gayyaci Fred VanVleet, gajeren da kowa ya tsallake, zuwa gasar bazara. VanVleet bai girgiza Las Vegas da maki ba. Ya nuna natsuwa da riƙon ƙwallo da naci a tsaro, aka ba shi kwantiragi. Bayan shekara uku, a wasan da Toronto ta ɗauki kofin 2019, Siakam ya ci maki 26, VanVleet ya ci 22.

Ba 'yan wasa kaɗai ake gwadawa ba. Alƙalan wasa da mataimakan koci su ma nan suke nuna kansu. A 2015 Becky Hammon ta zama mace ta farko da ta jagoranci ƙungiya a gasar, ta kuma ci kofin da San Antonio.

Yadda za ku kalli wasa na gaba

Ku zaɓi ɗan wasa ɗaya ku bi shi na minti biyar, ko yana da ƙwallo ko ba shi da ita. Ku nemi shekarunsa, ku san ko sabo ne ko ya taɓa zuwa. Sannan ku tambayi kanku abu guda: idan aka karɓe ƙwallon daga hannunsa aka ba tauraro, me ya rage da zai sa koci ya bar shi a fili? Idan amsar ita ce tsaro, ko jifa mai tsabta, ko idon ganin abokin wasa, to akwai alamar zai daɗe. Idan babu amsa sai yawan maki, a dakata tukuna.

Wannan haƙuri hakki ne da yaran ke da shi a kanmu. Da yawansu ba su kai shekara 23 ba, wasunsu daga Legas ko Duwala ko Juba suka taso, kuma mako guda ake ba su su nuna aikin shekara goma. Maganar da za a yi a kansu a Yuli ta zama ta abin da ido ya gani a tsiro. Hukuncin amfanin gona kuwa sai kaka ta yi.