Hajar Guangzhou Da Ba Ta Shiga Kwantena: Abubuwa Bakwai Kan Masu Zanen Gem

Ɗan kasuwar Kantin Kwari in ya ji an ce Guangzhou, yadi da takalma da unguwar Xiaobei ne za su faɗo masa a rai. Amma birnin yana fitar da wata haja da kwastan ba ya gani: zanen jarumai da dodanni da garuruwan da ke cikin gem ɗin da yaranmu ke bugawa a waya.

1. Layin 'yan gem. Kamar yadda Kano ke da Farm Centre ta 'yan waya, haka Guangzhou ke da titin Keyun a gundumar Tianhe, inda kamfanonin gem suka yi sahu. A birnin ne Ding Lei ya kafa NetEase a 1997, nan ne kuma gidan Kuro Games, masu Wuthering Waves da ya fito a watan Mayun 2024.

2. Sai hannu ya faɗa a fensir. Mai son shiga Kwalejin Zane ta Guangzhou, wadda aka kafa a Wuhan a 1953 aka dawo da ita nan a 1958, sai ya ci jarrabawar zanen fensir da ta launi da ta zanen sauri. Ɗalibai kan tare wata da watanni a ɗakunan horo, irin na ƙauyen Xiaozhou, suna zana tulu da tuffa da kan mutum-mutumi tun safe har dare. Sai ido ya san haske da inuwa kwamfuta ke yi wa mutum rana.

3. Sana'ar ta girmi lantarki. Daga 1757 zuwa 1842, Guangzhou ce kaɗai tashar da aka yarje wa jiragen ruwan Turawa su yi ciniki a Sin. Sai masu zane irin su Lamqua suka buɗe shaguna suna yi wa baƙi hotuna. A yawancin shagunan hannu da yawa ke haɗuwa a hoto guda: wannan ya yi fuska, wancan tufafi, wani bishiyoyi. Har gobe haka ake yi a gidan gem: mai zayyana daban, mai sassaƙa daban, mai fenti daban, sannan mai sa wa jarumi ƙasusuwa don ya motsa.

4. Jarumin duk alwatika ne. Fuskar nan mai santsi ƙananan alwatika ne aka harhaɗa. Mai sassaƙa kan fara da miliyoyinsu, amma waya ba za ta ɗauka ba, sai a rage su zuwa dubbai. Tabo da tamoji da zaren riga kuwa, hotonsu ake ɗauka a lulluɓa a kai. Masu sana'ar suna kiran wannan aiki "gasawa".

5. Gini ba ciki. Yawancin benayen da kake hangowa a gem fanko ne. Abin da idon mai wasa ba zai kai ba, ba a ɓata masa lokaci.

6. An yi wa ƙwarangwal sutura. A 2007, masu gudanar da World of Warcraft a Sin sun lulluɓe ƙasusuwan dodanni da tsoka, suka maye gurbin gawarwaki da kaburbura. Mai zane, ke nan, sai ya san idon mutanen da yake yi wa aiki.

7. Na gida ya fi ciniki. Black Myth: Wukong na kamfanin Game Science, wanda aka kafa a Shenzhen maƙwabciyar Guangzhou, ya sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku a Agustan 2024. Labarinsa daga littafin ƙarni na 16 yake, gine-ginensa da yawa kuma ɗaukar hoton tsofaffin wuraren ibada na lardin Shanxi aka yi, aka shigar da su kwamfuta.

Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya mini a rai. Manhajojin Blender da Krita kyauta ne, allon zane na Huion kuma a Shenzhen ake yin sa, kusa da inda 'yan kasuwarmu ke saro kaya. Hasumiyar Gobarau tana nan a tsaye, ga zayyanar Gidan Makama, ga lifidi da kwalkwalin Hawan Daushe. Alhaji, in za ka cika kwantena a tafiya ta gaba, ka bar wa yaron nan mai zane a bayan littafinsa gurbin allo ɗaya.