BABI NA UKU: YADDA MANHAJA KE BIN KUNDIN AUKUWA LAYI BAYAN LAYI

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin kundin aukuwa, wato fayil ɗin da kwamfuta ke rubuta abubuwan da suka faru a cikinta, kamar shigar mai amfani ko tsayawar wata manhaja. A wannan babi za a duba yadda manhaja ke bin bayanan kundin ɗaya bayan ɗaya. Za a nuna cewa karatun ba shi ne mai wuya ba. Wuyar tana wajen riƙe matsaya, don kada a tsallake wani bayani ko a ƙirga shi sau biyu.

3.1 Siffar Bayanin Kundi

An ɗauki tsarin syslog a matsayin misali. Eric Allman ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980 domin manhajar wasiƙu ta Sendmail. An bayyana shi a takardar RFC 3164 a 2001, sannan aka daidaita ƙa'idarsa a RFC 5424 a 2009. Kowane layi yana ɗauke da lokaci, da sunan kwamfuta, da sunan manhajar da ta yi magana, sai kuma saƙon kansa.

Saƙon da ya zo ta hanyar sadarwa yana farawa da wata lamba mai nuna tushensa da matakin tsananinsa. Matakan takwas ne, daga 0 na gaggawa zuwa 7 na binciken kuskure. Ana ninka lambar tushe sau 8, a ƙara matakin tsanani. Ke nan idan aka ga 34, tushen 4 ne, wato tantance masu shiga, tsananin kuwa 2 ne.

3.2 Matakan Karatu

Manhaja takan buɗe fayil, misali /var/log/auth.log a Ubuntu, ta karanta layi guda, ta rarraba shi gida-gida, ta duba ko ya dace da abin da ake nema, sannan ta koma ta ɗauko na gaba har fayil ya ƙare. Ba a ɗora fayil ɗin gaba ɗaya a ƙwaƙwalwar kwamfuta, domin kundi yakan yi girman da zai cika ta. A harshen Python, umarnin readline shi ke ɗauko layi, tell ya faɗi inda aka tsaya, seek kuma ya mayar da karatu wurin.

3.3 Matsalar Matsaya

Kundin aukuwa ba kamar littafin da aka gama rubutawa yake ba, ana karanta shi ne ana ƙara masa. Wannan ya haifar da matsaloli huɗu.

Ta farko ita ce layin da bai kammala ba. Idan layin ƙarshe bai zo da alamar ƙarshen layi ba, wataƙila ana cikin rubuta shi ne, don haka sai a jira.

Ta biyu ita ce sauya fayil. Manhajar logrotate takan mayar da auth.log ya koma auth.log.1, a buɗe sabo da tsohon suna. Manhajar da ta riƙe matsaya kaɗai za ta nemi tsohon wuri a sabon fayil. Maganin shi ne a ajiye matsaya tare da lambar inod, wato lambar shaidar fayil. In ta canja, sai a ƙarasa tsohon kafin a fara sabon.

Ta uku ita ce katsewar aiki, kamar ɗaukewar wutar lantarki. Idan aka ajiye matsaya kafin a sarrafa layi, wuta ta ɗauke, layin ya ɓace. Idan kuwa aka sarrafa kafin a ajiye, za a maimaita shi. Wannan nazari ya zaɓi hanya ta biyu, saboda ana iya gane maimaici a cire shi, amma layin da aka tsallake, mai yiwuwa shi ne shaidar ɓarawon da ke gwada kalmar sirri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ta huɗu ita ce shekara. Tsohon salon RFC 3164 ba ya rubuta shekara, saboda haka wajibi ne manhaja ta lura da tsallakawa daga Disamba zuwa Janairu. RFC 5424 ta gyara wannan.

3.4 Kundin systemd

Yawancin nau'o'in Linux na yau suna da kundin systemd, wanda ba rubutun zube ba ne. Ana buɗe shi da sd_journal_open, a riƙa kiran sd_journal_next, wanda ke mayar da 0 idan bayanai sun ƙare. Kowane bayani yana da alamar matsaya tasa, don haka sauya fayil ba ya rikita karatu. Sai dai idan aka koma kan alamar, bayanin farko da zai fito shi ne wanda aka riga aka karanta, dole a tsallake shi.

3.5 Naɗewa

An ga cewa ingancin manhajar bin kundi ya rataya ne a kan yadda take tuna inda ta tsaya. A babi na huɗu za a gwada manhajar da aka gina bisa waɗannan ƙa'idoji.