Tiyatar Kwatangwalo da Na'urar Leƙe: Nauyin da ke Wuyan Likitan Sa Barci

A 1931 likita Michael Burman na birnin New York ya gwada na'urar leƙen gaɓoɓi a kan gawarwaki, ya yanke cewa ko allura ba za ta ratsa tsakanin kan ƙashin cinya da kwarminsa ba. Gaɓar kwatangwalo a matse take, ga tsokoki masu kauri sun lulluɓe ta. Dabarar da aka samo daga baya ita ce a ja ƙafar har gaɓar ta buɗe kamar santimita 1, kuma daga wannan ja wahalar likitan sa barci take farawa.

Ana kwantar da majiyyaci rigingine, a ɗaure ƙafarsa cikin takalmin da ke jikin gadon tiyata, a kafa turke mai laushi a matsematsinsa don kada ya zame, sannan a ja da nauyin da kan kai kilo 20. Tsoka mai gardama ba ta sakin gaɓa, shi ya sa aka fi son cikakken barci haɗe da maganin sake tsoka, ko da yake allurar baya ma tana yi. Idan tsoka ta saki, ja kaɗan ya wadatar. Turken nan kuwa yana danne jijiyar da ke kai saƙo ga al'aura. In jan ya haura awa 2, mutum na iya farkawa wurin ya sage, wani lokaci har makonni. Don haka likitan kirki idonsa na kan agogo, kuma ba ya jin nauyin ce wa mai tiyata, "Lokaci ya yi, a sassauta."

Sai ruwan gishirin da ake turawa cikin gaɓar don hoto ya fito sarai. Yana sanyaya jiki, yakan kuma sulale zuwa cikin ciki. In ciki ya kumbura, iska ta fara wuyar shiga huhu, to a dakata.

Da yawa daga cikin waɗanda ake yi wa wannan aiki matasa ne, 'yan wasa, kuma a ranar ake sallamarsu. Kashe jijiyar gaban cinya na kwantar da raɗaɗin bayan tiyata, amma yana raunana gwiwa, mai dogara sanda ya faɗi a gida. A ganina wannan ciniki bai biya ba. Allurar PENG da likitocin Toronto suka bayyana a 2018 tana bin rassan da ke shiga gaɓar, ta bar wa cinya yawancin ƙarfinta, sai a haɗa da farasitamol da maganin kumburi.