Ƙaramin Rauni A Gona, Da Yadda Za Ka Tsare Ƙafarka

Ya kai manomin Rawayau, da ku sauran manoman ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma, ku saurara. Abin da ya kan kwantar da mutum a tsakiyar damina sau da yawa ƙanƙanen abu ne: ƙaya, ko tushiyar dawa, ko bakin fartanya da ya shafi ƙauri. Mai shi ya kan ce ba kome, ya ci gaba da aiki. Bayan kwana biyu ko uku sai ƙafa ta kumbura, ciyawa kuwa ba ta jiran mai jinya.

Ka sani fatarka ganuwa ce. Akwai waɗansu ƙwayoyin cuta, ido ba ya ganinsu, suna zaune a bisa fata da cikin ƙazanta. Muddin ganuwar ba ta tsage ba, ba su da hanya. In ta tsage, ko da fason hunturu ne, ko cin ruwa a tsakanin yatsu, irin wanda ya kan sami masu noman rani a bakin madatsar Zobe, sai su shiga su yaɗu a ƙarƙashin fata. Dattawa sun san wannan tun zamanin kurkunu, gama mikinsa ya kan ruɓe ya hana mutum gona wata guda ko fiye. Kurkunu dai an tabbatar da ƙarewarsa a Nijeriya a 2013, amma ƙaya tana nan.

To, ran da ka ji rauni, kada ka bari sai gobe. Ka wanke hannunka, sa'an nan ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, tafasasshe in da hali, har ƙasa da tsakuwa su fita sarai. Ka ɗaure da ƙyalle wankakke, ka riƙa sake shi kowace rana. Kada ka zuba ƙasa, ko toka, balle kashin shanu. Wannan al'ada mugunya ce, domin ta nan ne ciwon sarƙe-haƙora ya kan shiga, shi kuwa kisa ya ke yi. In sukar ta yi zurfi, je ka nemi allurar rigakafinsa. Takalmi kuma, ko na roba ne, kuɗinsa bai kai na jinya ba.

Ga alamun da ba a wasa da su. Wurin ya kumbura, ya yi zafi in an taɓa, yana sheƙi, kumburin kuma yana hawa. Kaluluwa ta fito, jiki ya ɗauki zazzaɓi. A baƙar fata jan ba ya nunawa sosai, saboda haka ka dogara ga zafin da kumburin. Ka zana iyakarsa da biro. In ya ƙetare zanen, lalle ka tafi asibitin Kurfi ko na Dutsin-Ma ran nan. Kada ka yarda a yi maka sakiya ko ƙaho a wurin.

Maganinsa yana nan, dangin fenisilin ne, wanda wani likita, Alexander Fleming, ya gano a Landan a 1928. In an ba ka, ka shanye shi duka yadda aka ce, ko da ka ji sauƙi, ka kuma ɗora ƙafar bisa matashi sa'ad da ka ke kwance. Mai ciwon sukari kuwa, shi ya duba tafin ƙafarsa kowace maraice, gama ya kan taka ƙaya bai ji ba.